Ramin da Kawu Ran Ya Gada

A'a, tsaya tukuna. Kai da ka rubuto min cewa guraben da ake soka allurar gargajiya a jikin mutum suna nan daram tun zamanin kakannin kakanni, ba wanda ya taɓa gusawa ko da faɗin gashi, a ina ka ji? Kuskuren da kowa ke yi ke nan, kuma mu mutanen nan mun fi kowa yin sa, don mu in abu ya tsufa shi ke nan ya zama gaskiya, ko da tsumman goge tukunya ne. Je ka duba abin da aka tono daga tsofaffin kaburbura. Rubutun da ke jikin ƙyallen siliki hanyoyi goma sha ɗaya ya lissafa a jikin mutum, ba sha biyun da kuke rantsuwa da su ba, kuma maganin da ya sani shi ne ƙona ganyen tazargade a kan hanyar. Ɗan mutum-mutumin da aka haƙo nan kusa da mu, wajen Mianyang, jan zane ne kawai a jikinsa daga sama har ƙasa, ko ɗigo ɗaya babu. Guraben nan a hankali aka yi ta tara su. Wannan ya ƙara nasa, wancan ya matsar da na wani, mai kwafe rubutu ya yi gyangyaɗi ya bar mana gado. Ni ba likita ba ce, ajina wayata ce, malamina kuma taurin kai. Amma ina da kawu.

Ran Shigui sunansa, yayan mahaifiyata ne, ya ba saba'in baya. Ɗan shagonsa na nan a tsohon titin garinmu na bakin kogin Fu, a matse tsakanin mai taliya da shagon shayi, don haka duk wanda ya kwanta a gadonsa da allura a jiki yana shaƙar man barkono ta hanci yana kwasar gulmar gari ta kunne. Bai yi wata makarantar kirki ba. Yana saurayi, zamanin gonakin haɗaka, aka nuna shi da yatsa aka ce kai ne likitan ƙauye, aka tura shi horo na 'yan watanni, aka rataya masa jaka da allurai. A ƙafarsa ya koyi suka. Har yau in ya naɗe wando yakan ce, "Ga majinyacina na farko. Shi kaɗai ne bai taɓa guduwa ba."

Irin waɗannan likitoci sun cika ƙasa a lokacin. Abin da ya fitar da Kawu zakka shi ne wani mutum-mutumin katako da ya gada, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, jikinsa duk ƙananan ramuka. A gidanmu Ƙaramin Kaka muke kiransa. Kakan Kawu, Ran Wanfu, mai yawon magani ne, yana bin ƙauyuka yana kaɗa ƙararrawa. Shi ya sa aka sassaƙa masa, ya huda guraben da hannunsa, yana kwaikwayon mutumin tagullar nan na fadar sarakunan da, wanda aka ce akan shafe shi da kakin zuma a cika shi da ruwa, ɗalibi ya soka allura, in ruwa ya tsatso ya ci jarrabawa. Namu na talaka ne. Ba ruwa, ba kaki.

To kun san al'adarmu. Malami ba ya juye wa ɗalibi tulunsa duka. Yakan rage wani abu guda ya riƙe, sai ranar da ya ji ƙamshin mutuwa ya kira magaji ya raɗa masa a kunne. Wanfu bai samu wannan damar ba. Zazzaɓi ya kayar da shi a wani ƙauye mai nisa, gawarsa aka kawo gida. Ɗansa, wato mahaifin Kawu, ya tashi ba raɗa ba wasiyya, ga zamani na yaƙi, Ƙaramin Kaka ya yi shekaru a ɓoye cikin rufin ɗaki. Da ƙura ta lafa ya sauko da shi, ya zauna yana gwada ramukan ɗaya bayan ɗaya da zanen da ke hannun kowa. Duk suka dace sai guda. Wani ɗan rami a ƙwaurin hagu, ƙasa da gwiwa, can gefe inda babu hanyar da ta bi, kuma ba shi da ɗan'uwa a ƙafar dama. Mutumin nan ya rungume katako ya fashe da kuka. Ga abin da tsoho ya rage. Bai samu faɗa da baki ba, ya faɗa da basilla.

Daga nan bayani ya yi ta zuwa da kansa, kamar yadda ya saba zuwa mana. Me ya sa a hagu kaɗai? Ai tsofaffi ma sun ce ciwon dama a hagu ake kama shi. Me ya sa ba ya kan hanya? Ai sirri ba ya bin titi. Aka raɗa masa suna Gurbin Gidan Ran. Mahaifin ya soka shi a ƙafafun rabin gari, Kawu ya ƙarasa ɗaya rabin, mu jikoki muka taso muna hura hanci kamar gidanmu ne ya ƙirƙiro gwiwa. Ni kaina da shi aka yi min maganin ciwon ciki da na fitsarin kwance da na rashin kunya. Biyu sun warke.

Akwai al'ada ta biyu: sirri ɗa namiji ake ba, don mace gidan wani za ta kai shi. Kawu kuwa 'ya ɗaya gare shi, Suyun. Ya yi shekaru yana juyi a kan wannan magana, ya kunna turaren tsinke gaban hoton mahaifinsa ya ba da haƙuri, ya sake kunnawa ya ba Wanfu haƙuri, sannan ya yanke shawara zai karya al'ada. Suyun lokacin ta gama babbar makarantar maganin gargajiya, tana aikin allura a wani babban asibiti a Chengdu. Ta zo hutu, suna cin abinci, ya gyara murya ya sanar da ita irin darajar da za a yi mata.

Ta ce, "Baba, a kan wace hanya yake?"

"Ba ya kan hanya."

"A wane littafi yake?"

"In yana littafi ai ba sirri ba ne, 'yar nan."

"To in na soka wa mutum, shugabata ta tambaye ni dalili, in ce mata me? Wani ɗan katako ne ya ce?"

"Ƙaramin Kakan kike kira ɗan katako?"

Matarsa, Inna Pu, ta tura masa kwano. "Ku ci, taliya ta kumbura. Tsoho, shekara nawa kana kuka wai ba a ba mace, ba a ba mace. To ga macen ta ce a kai kasuwa."

Aka yi dariya, aka bar maganar. Shi bai bar ta ba. Sai bara hannunsa na dama ya fara rawa. A tsinken cin abinci ya fara gani, gyaɗa ta riƙa suɓucewa kafin ta kai baki. Mai allura ya san abin da wannan ke nufi, ba sai an faɗa masa ba. In Suyun ba ta karɓa ba, Gurbin Gidan Ran kabari zai bi shi, abin da kakansa ya mutu yana riƙe da shi, mahaifinsa ya tsinto da hawaye, a hannunsa zai ƙare. Ya daina zuwa karta. Ya fara barin abinci a kwano.

Inna Pu ta gaji da kallonsa, ta ɗauki waya ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Da ta fito ta ce an gama. Ranar sharar kaburburan kakanni da ake yi duk shekara Suyun za ta zo, ta durƙusa gaban kabarin Wanfu, ta miƙa wa ubanta shayi da hannu biyu kamar yadda ɗalibi ke yi wa malami, ya sha, ya koya mata.

Kawu ya miƙe kamar an zare masa shekara ashirin. Ya dubi Ƙaramin Kaka ya ga fentinsa ya ɓaɓɓare, ya ce ba za a kai shi gaban kakanni a haka ba. Ya naɗe shi a tawul ya nufi wajen Mou kafinta, abokinsa tun suna tsirara a bakin kogi, abokin gabarsa a teburin karta.

Mou na hango shi ya ce, "Likitan kaji! Yau wa ka kashe, aka aiko ka awon akwati?"

"Kai dai ci gaba da addu'ar mutane su mutu, mai akwatin gawa. Ungo, shafa masa fenti. Ka wanke hannu tukuna."

"Au, mai gidan naku ne da kansa ya fito? Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Yaya haƙuri da jikan naka?"

Mou ya kwantar da shi a benci ya fara kankare tsohon fenti. Da ya zo dunduniyar hagu sai wani gari mai laushi ya zubo, fari kamar na shinkafa. Ya tsaya. Ya murza garin a yatsa, ya juya ƙafar sama, ya kankare kaɗan, wani ɗan rami ya bayyana a tafin dunduniyar. Ya ciro tsinken tsintsiya ya riƙa zurawa a ramukan jikin. Kowanne tsinken ya shiga miƙe, ya tsaya nan kusa. Da ya zura a Gurbin Gidan Ran sai tsinken ya lanƙwasa, ya ci gaba da tafiya, ya yi ta tafiya.

Kawu ya ce, "Ka gani? Ya fi sauran zurfi. Mahaifina ma ya faɗa."

Mou ya kunna taba, ya ja ya cika baki, ya ɗora leɓe a kan ƙwaurin Ƙaramin Kaka ya busa. Hayaƙi ya fito ta dunduniya, siriri, a natse, ya miƙe sama.

Ya ce, "Shigui, kakan nan naka ƙananan haƙora gare shi?"

"Me kake nufi?"

"Basilla ba ta yin kwana. Ƙwaron katako ne. Ya ci hanyarsa ta ciki ya ɓulla nan. Irinsu sun cika tsohon rufi. Da kakanka ya sayi katako mai kyau da ba mu ga haka ba, amma ku gidan Ran kun san arha."

Kawu ya nemi wuri ya zauna, bai ma lura a kan akwatin gawar da ba a gama ba ya zauna ba. Ƙafafu suka riƙa wucewa ta gabansa, na manoma, na masu jego, na malamin makaranta, na shugaban gunduma da ya taɓa zuwa a ɓoye, duk an naɗe wandon hagu ana jira cikin ladabi. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Namu har dunduniya ya kai.

Mou ya ga fuskar abokinsa, ya kashe tabar. "Kawo in toshe dunduniyar da garin katako da danko, in shafe. Daga ni sai kai sai ƙwaron, shi kuma ya mutu tun ba a haife mu ba."

Kawu bai hana shi ba. Aka toshe, aka shafe, Ƙaramin Kaka ya koma gida yana sheƙi.

Bai iya ɓoye wa Inna Pu ba, bai taɓa iyawa ba. Tana tsinke wake a ƙofar kicin ya faɗa mata. Ta ajiye kwanon, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta goge ido ta nuna shi da yatsa.

"Ka ja bakinka ka yi shiru. Ka san da ƙyar na shawo kan yarinyar nan? Ce mata na yi likita ya ce ba za ka ga sabuwar shekara ba."

"Wane likita?"

"Kai mana. Ba kullum kake faɗa ba?"

"Tsohuwa, ƙwaro ne fa."

"To sai me? Ƙwaron ya kashe wani? Mutane sun zo da ɗingishi sun koma da ƙafarsu. Ka sha shayinka, ka mutu da kwanciyar hankali in lokacin ya yi."

Ranar ta zo da yayyafi, kamar yadda ta saba. Muka hau tudu da lauje da kwando. Aka cire ciyawa, aka ƙona wa mamata kuɗin takarda, aka jera nama da giya, aka kunna wa Wanfu taba aka ɗora masa a kan dutsen kabari, don an ce mashayi ne. Kawu ya tsayar da Ƙaramin Kaka a gefe. Suyun ta durƙusa a cikin taɓo da wandonta na birni, ta tsiyaya shayi daga flas, ta ɗaga kofin da hannu biyu sama da kanta.

Ta ce, "Malam, sha shayi."

Ya karɓa. Kofin na ƙara a hannunsa saboda rawa. Kurɓa ɗaya ce ta rage masa. Sai ya lura ta riga ta naɗe wandonta na hagu har gwiwa, don allurar farko a jikin ɗalibi ake soka ta. Ya san 'yarsa. Ba ta yin abu rabi. In ta karɓa yau, za ta soka shi a ƙafafun baƙi a Chengdu da sunanta a ƙirji, in an tambaye ta ta ce daga kakanninta ne, ta tsaya ta yi musu a kai kamar yadda ta yi musu da shi, kuma ba don ta yarda ba, don an ce mata ubanta zai mutu ne.

Ya ajiye kofin a kan dutse. Ya zaro allura daga aljihu, ya ɗaga ƙafar Ƙaramin Kaka ya fara tonon dunduniyar. Hannun na kaucewa, yana komawa, har dankon ya fita. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke tabar da ke ci a kan kabari.

Inna Pu ta ce, "Tsoho! Tabar mamaci!"

Ya ce, "Ai shi ya jawo."

Ya ja, ya yi tari don ya daɗe da dainawa, ya sake ja, ya ɗora baki a kan Gurbin Gidan Ran ya busa. Hayaƙi ya fito ta dunduniya. Ya bayyana musu komai a taƙaice, da rufi da ƙwaro da tsinken tsintsiyar Mou.

Suyun ta kalli hayaƙin, ta kalli kabarin, sai dariya ta ƙwace mata. Ta zauna daɓas a taɓo tana yi har hawaye. Mu ma muka kama, don ba yadda za a yi. Da ta ɗago ta ga fuskar ubanta sai ta haɗiye sauran.

"Baba, da ka yi shiru da na karɓa."

"Na sani."

"Yanzu kuma ba zan iya ba."

"Shi ma na sani."

"Maganar sabuwar shekara fa?"

"Tambayi uwarki. Ita ce likitan."

Suyun ta ɗauki kofin ta tsiyaye shayin a ƙasa gaban kabarin, a hankali, kamar yadda ake zuba wa mamata. Ta tuɓe rigar ruwanta ta naɗe Ƙaramin Kaka, ita ta sauko da shi daga tudu a rungume, ɗaya hannun nata riƙe da gwiwar hannun ubanta don santsi. Da za ta koma Chengdu ta roƙa a ba ta shi, aka ba ta. Gurbin ne dai ba ta tafi da shi ba.

Washegari Kawu ya shiga shagon shayi ya ba da labarin da bakinsa, wai gara ya riga Mou. Aka yi dariya har kujerun gora na ƙara. Kafin azahar an canza masa suna zuwa Jikan Ƙwaro, yana kuma amsawa. Ya rantse ba zai ƙara soka wurin ba.

Sai ga Goggo Kuang mai awara, wadda ta fi shi tsufa, ta shigo shago tana ɗingishi, ta hau gado ta naɗe wandon hagu.

Ya ce, "Yaya, ba ki ji labari ba ne?"

"Na ji. Soka."

"Ƙwaro ne ya huda."

"Ina ruwana da wanda ya huda? Tun ina goyon ɗana na fari gwiwar nan ta san wurin nan. Kai ma ai ba wani karatu ka fi ƙwaron ba."

"Gaskiya ne. Amma ba zan soka ba."

Ta sauke wando, ta zage shi tas, ta haɗa da ubansa da kakansa, ta fita. Ba gida ta nufa ba. Ta gangara ƙasan titi wajen wani saurayi da ya buɗe shagon tausa da allura, ta ɗora yatsa a ƙwaurinta ta ce masa nan. Ya soka. Ta ce ta ji daɗi. Ta faɗa wa ƙawayenta. Yau in ka bi ta wurin za ka ga allo ja da rubutun zinare, wai Ɓoyayyen Gurbin Kogin Fu, sirrin shekara dubu biyu, da layin mutane har bakin kwata, wasu daga birni suke zuwa a mota, kowa ya naɗe wandon hagu.

Kawu ya rufe nasa shagon kafin sanyi, hannun ya ƙi. Ya ga sabuwar shekara lafiya lau, ya ma fi kowa cin nama. Ya koma karta, Mou na cinye shi kullum. In sun biyo ta gaban jan allon yakan tsaya ya karanta shi daga farko har ƙarshe, ya girgiza kai ya ce, "Ka ga ƙwaron nan? Ya fi ni sa'ar magada."

A gidanmu har yanzu ba a gama rigimar ba. Inna Pu ta ce ya zubar da gadon gida a banza, wani can ya tsinta yana cin moriya. Mahaifiyata ba ta yi masa magana ba har aka girbe shinkafa. Ni ina bayansa, ko da yake na fi kowa jin kunyar fita a makon farko. To ku fa? Ya sha shayin ne ko ya busa hayaƙin? Kada wanda ya danna min alamar dariya ya wuce, ban hana ku dariya ba, amma ku yi magana. Kuma ku masu sirrin gida, na allura ne ko na tausa ko na miyar kakarku, ku fito ku faɗa mana a nan: a cikinku wa ya taɓa juya nasa ya duba dunduniya?